WAI AMARYA BA TA SHIGA GWANGWANI

Yau kam ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, faɗa na zo yi, kuma duk wanda ya ji zafi to ya yi haƙuri, domin ni ma sai da aka ƙona mini rai kafin na ɗauki biro. Faɗan nawa kuwa a kan mota ne, wata 'yar ƙaramar mota tawa ƙirar Toyota Starlet, mai ƙofa biyar in an haɗa da ta but, wadda asalinta fara ce amma ƙurar hanyar Tudun Wada ta mai da ita ruwan ƙasa-ƙasa. Na san wani zai ce yo mene ne abin rubutu a kan tsohuwar mota? To ka dakata tukuna ka ji.

A watan Disamba na 2024, bayan an gama girbi kowa ya ɗan ji ɗumi a aljihunsa, aka ɗaura auren wata ƙanwata, 'yar baffanmu, a wani ƙauye cikin ƙasar Kiru, angon kuwa mutumin Doguwa ne. Wanda ya san hanyar ya san ba ta wasa ba ce, sai ka fito Kwanar Dangora, ka ɗauki titin da ya nufi Jos, ka wuce Tudun Wada, ka ratsa dajin Falgore, sannan ka fara hango duwatsun Doguwa. Na roƙi maigidan ya bar ni na je da motar, ya ce to, amma lallai ƙanena ya zauna a gaba. Na wanke ta tas, har da ɗan turaren wuta na yi mata, ina ta murna yau zan yi wa dangi rana.

Ranar kai amarya da la'asar motoci suka jeru a ƙofar gida, na kawo tawa na tsayar daidai zaure, a zatona ko ƙawaye ko 'yan rakiya za a zuba mini. Sai ga Goggo ta fito, ta dubi motar sama da ƙasa, ta riƙe haɓa ta ce, "Ke 'yar nan, ja gwangwanin nan naki baya, kada dangin miji su ɗauka tsiya ce ta yi mana katutu. Amarya ba ta shiga gwangwani. In taimakon za ki yi, ga kulolin abinci can da 'yan yara." Mata suka kwashe da dariya har da shewa. Ni kuwa na ce, "To Goggo," tun da ba a ja da babba a bainar jama'a, amma wallahi abin ya tsaya mini a maƙogwaro kamar ƙayar kifi.

Abokan ango sun zo da wata jibgegiyar jif baƙa wuluk, ta aro, wai ta wani ubangidansu ce a Kano. An ba da ita da direbanta, amma ba a ba da mai ba, a lokacin kuwa litar fetur ta haura naira 1,000. Samarin nan suka yi karo-karo suka zuba mata abin da a ganinsu ya isa, wanda da a irin tawa aka zuba shi da ya kai ta Doguwa har ya dawo da ita rabin hanya. Aka sa amarya da Goggo a baya, gilashi ya sha tinti, aka tashi ana ta guɗa. Muna wuce Tudun Wada direba ya ce wutar mai ta kama, samarin suka ce ya lallaɓa an kusa. Muna tsakiyar Falgore, rana ta faɗi, jif ta yi tari sau biyu ta tsaya cik. Babu gidan mai, babu ɗan bumburutu, sai duhun itatuwa da sanyin hunturu, kuma kowa a cikinmu ya san irin sunan da dajin nan ya yi a shekarun baya. Nan fa ido ya raina fata. Sauran motocin biyu Golf ne na haya, an danƙara mutane har cikin but. Wurin da ya rage ɗaya ne tak.

Aka kwashe kuloli aka mayar cikin jif, aka ɗora yara a cinya, amarya ta shigo lulluɓe tana ta kukanta na amarci wanda yanzu ya haɗu da na tsoro, Goggo ta biyo ta tana salati. Aka bar direba da samari biyu su jira a kawo musu mai a jarka bisa babur. Har muka shiga gari Goggo ba ta ce mini uffan ba, sai da muka tsaya a ƙofar gidan ango ta ce, "Allah Ya yi miki albarka, amma dai kina gudu."

Ban kawo wannan labari don na ci fuskar Goggo ba, uwata ce, kuma ba ita ta ƙirƙiro wannan ɗabi'a ba. Abin da ta faɗa da baki shi ne a cikin zuciyar kusan kowa, malami da jahili, na birni da na ƙauye. Mun mai da mota ma'aunin mutum. In ka shigo taro da babbar mota sai a tashi a ba ka kujera ko da bashi ya yi maka kanta, in ka shigo da ƙarama sai a ce ka matsa gaba za a ajiye ta manya, alhali ba ka ci na kowa ba. Sunayen da aka raɗa wa irin motata kaɗai sun ishi mai hankali shaida: gwangwani, akwatin ashana, motar mata, ta 'yan koyo. Ni dai a ɗan guntun tunanina wannan raini ba ƙaramar cuta yake yi mana ba, yana cinye abincin gidaje, yana jefa samari cikin ƙarya, yana sa 'yan mata ganin kitse ga rogo.

Kuma kafin na nuna kowa da yatsa bari na fara da kaina da 'yan uwana marubuta, don mu ma da hannunmu dumu-dumu a ciki. Duk wadda ta taso tana karanta littattafan soyayya irin waɗanda muke karɓa haya muna ɓoyewa a cikin littafin lissafi, ta san yadda saurayin kirki yake zuwa zance. Ba ya zuwa a ƙasa, ba ya zuwa a keke. Sai dai ki ji an ce wata dalleliyar mota ta tsaya a ƙofar gida, ƙirar Marsandi, sabuwa dal, ƙamshi da sanyi na tashi, yaro ya shigo ya ce ana sallama da wance. Wanda ya zo a akwalar mota kuwa, to shi ne abin dariyar littafin, ko mugun tsohon da za a yi wa yarinya auren dole da shi. Ni kaina a littafina na farko Marsandi na ba saurayin, kuma wallahi a lokacin ban taɓa shiga Marsandi ba, ko yadda ake buɗe ƙofarta ban sani ba. Tun daga shafin farko har na ƙarshe bai taɓa tsayawa a gidan mai ba, taya ba ta taɓa yi masa faci ba, bai taɓa wuni a gareji yana jiran bakanike ba. Motar iska take sha. Yarinya 'yar shekara goma sha biyar a Bebeji ko Kafin Maiyaki ta karanta irin wannan guda ɗari, yaya za a yi malamin firamare ya zo mata a kan babur ko a 'yar Starlet ta dube shi da mutunci? Mu muka shuka, yanzu kuma mu ne kan gaba wajen cewa 'yan matan zamani sun cika kwaɗayi.

To bari mu bar littafi mu zo lissafi, don aljihu ba ya karanta soyayya. Motar nan mun saye ta a 2019, ni na ɗauki adashi na haɗa da ɗan abin da littattafaina suka kawo, maigidan ya sayar da masararsa ya cika. Ta hannu ce, ta riga ta ga duniya kafin ta zo mana, domin kamfanin Toyota ya daina ƙera irin wannan tun 1999. Injinta ƙarami ne, wanda makanikai ke ce wa 1.3, nauyinta duka bai kai tan 1 ba, alhali irin jif ɗin nan ta haura tan 2. Ba sai an je jami'a ba, jakin da aka ɗora wa buhu biyu ya fi wanda aka ɗora wa ɗaya cin harawa. Na sha gwadawa da kaina, na cika tanki na rubuta lambar da ke kan agogon mota, in na dawo na sake cikawa na ga abin da ta sha. In hanya ta yi kyau ban yi mata lodi ba, lita 6 zuwa 7 take sha a kilomita 100. Direban jif ɗin nan da bakinsa ya gaya wa ƙanena tasa ba ta yi masa ƙasa da lita 15. In lita tana naira 1,000, ni na kashe 7,000 shi ya kashe 15,000, a kan hanya ɗaya, cikin rami ɗaya, muka kuma isa gari ɗaya, in ya isa ke nan. Ragowar 8,000 ɗin nan kwano nawa ne na masara a kasuwar Tudun Wada? Wanda ke wannan tafiya sau ɗaya a mako, a shekara ya ƙona abin da ya haura naira 400,000 a kan a ce wane ya zo.

Wannan mai kaɗai ke nan. In za a yi mata juye galan ɗaya na baƙin mai sai ya yi ragowa. Tayarta ƙarama ce, kuɗin guda ɗaya ta jif sai ya kusa saya mini biyu ko uku. Duk bakaniken da ke bakin titi daga Kwanar Dangora har Doguwa ya san cikinta kamar yunwar cikinsa, ba sai an kawo kwamfuta an jona mata ba, kayanta kuwa in an rasa a kusa, aika ɗaya ce zuwa Ƙofar Ruwa a Kano, direban haya ya taho da shi kafin magariba.

Mutanenmu suna yi kamar tsadar mai baƙon abu ne da ya faɗo daga sama, alhali tun muna yara ake jan kunnenmu. Ina 'yar firamare a 1997 da 1998, zamanin Abacha, lita tana naira 11 a hukumance amma babu shi a gidan mai, na tuna babanmu yana kwana a layi da babur ɗinsa, a kai masa tuwo can. A Janairun 2012 gwamnatin Jonathan ta ɗaga shi daga naira 65 zuwa 141, aka yi ta zanga-zanga har a Kano, aka dawo da shi 97. A 2016 ya koma 145. Sai ranar 29 ga Mayu 2023, Shugaba Tinubu ya faɗa a jawabinsa na rantsuwa cewa tallafin mai ya tafi, kafin mako ya zagayo litar da ake saya wajen naira 200 ta haura 500, zuwa Oktoban 2024 ta tsallake 1,000. Duk wanda ya ga wannan jerin kuma ya je ya ciwo bashi ya sayi mota mai fistin shida don makwabta su gani, to ni ban san sunan da zan kira shi ba, girman kai dai an ce rawanin tsiya ne.

Ku zaga unguwanninmu ku gani da idonku. Akwai wani Alhaji a layinmu, ba zan faɗi suna ba, mutumin kirki ne kuma muna gaisawa, ya sayi tasa babbar a shekarar da shinkafa ta yi kuɗi. Tun bayan cire tallafi take tsaye a ƙofar gida an lulluɓe ta da tamfol, tayoyi sun sace, kaji na yin ƙwai a ƙarƙashinta. Ba ya iya ciyar da ita, kuma ba zai sayar ya sayi ƙarama ba, wai kada a ce ya karye. Shi da ke da mota yanzu acaɓa yake hawa, amma ta bayan layi.

Wannan mota tawa kuwa da ake yi wa dariya da rana, ita ake buga wa ƙofa da dare. Duk macen da ke zaune a ƙauye ko ƙaramin gari ta san abin da nake nufi. Naƙuda ba ta sallama, kuma ta fi son ƙarfe biyun dare, ta fi son damina. A wannan lokaci babu motar haya, ba a ɗora mai naƙuda a babur sai in an rasa yadda za a yi, mai babbar mota kuwa ko yana so ya taimaka sai ya ce wallahi babu mai a ciki, kuma gaskiya ya faɗa. Ni kuwa ko galan ɗaya ne a tankina zai kai mu asibiti ya dawo da mu. Daga 2019 zuwa yau mata bakwai muka ɗauka a kujerar bayan nan, wani lokaci ni ke tuƙi, wani lokaci maigidan. Ɗaya a cikin motar ta haihu kafin mu kai, har yau in yaron ya gan ta sai ya ce motarmu. Ɗaya kuwa, matar wani manomi daga wani ƙauye a bayanmu, jini ne ya ɓalle mata bayan haihuwa, sai da suka ɓata fiye da awa biyu suna neman abin hawa kafin wani ya tuna da mu. Mun kai ta, amma ba ta kwana ba. Allah Ya jiƙanta. A ƙauyen nan nasu akwai masu hali, akwai waɗanda suka je Makka ba sau ɗaya ba, amma babu ko mutum ɗaya da ya ga ya dace ya ajiye 'yar ƙaramar mota mai rai, kowa jira yake sai ya tara na babba.

Wani zai ce ai talauci ne ya sa nake yabon abin da nake da shi. To mutanen Japan da suka ƙera jif ɗin da kuke rawar jiki a kanta fa, su ma talakawa ne? A ƙasarsu akwai wasu 'yan ƙananan motoci da doka ta ƙayyade injinsu kada ya wuce 660cc, wato rabin na motata, kuma fiye da ɗaya cikin uku na sababbin motocin da suke saye irin waɗannan ne. Su ƙera babba su turo mana, su hau ƙarama su tafi aiki. Ita kanta Golf ɗin da ta zama jakar hanyarmu, wadda ke ɗaukar mutum da buhu da akuya, a 1974 Jamusawa suka fito da ita, shekara ɗaya bayan tsadar man da ta girgiza Turai a 1973, lokacin da kowa ya koma neman mota mai ɗan ci. A Indiya, ƙaramar Maruti 800 da aka fara a 1983 ita ce motar farko ta gidaje masu ɗimbin yawa, malamai da ma'aikata, aka yi ta ƙera ta har 2014. Amma don kada na yi son kai, ciwon nan namu su ma Indiyawan yana taɓa su. A 2009 kamfanin Tata ya fito da wata 'yar mota Nano a kan kuɗi wajen rufi 100,000, aka yi ta tallarta da sunan motar da ta fi kowace araha a duniya, sai mutane suka guje ta don kada a ce motar matsiyata suka hau, zuwa 2018 aka daina yin ta. Shi kansa Ratan Tata daga baya ya yarda kuskure ne da aka tallata ta da sunan araha. Ashe Goggo tana da 'yan uwa har a Bombai.

Iyayenmu ma ba haka suke ba. Lokacin da aka buɗe kamfanin haɗa Peugeot a Kaduna da na Volkswagen a Legas a 1975, hedimasta ko malamin asibiti in ya karɓi rancen mota ya sayi Beetle mai ƙusumbin nan, gari guda ake zuwa yi masa Allah Ya sanya alheri, ba wanda ya ce gwangwani ce. Gwamna kansa Fijo yake hawa. Yaushe muka fi su daraja?

Yanzu bari na faɗi abin da masu suka za su faɗa, tun kafin su aiko mini da wasiƙa, don ni ba makauniyar soyayya nake yi wa motar nan ba. Gaskiya ne ƙarama ce, in tirela ta wuce ta a guje sai na ji tana rawa kamar ganye, kuma in aka yi karo, Allah Ya kiyaye, mai babbar mota ya fi ni abin kariya. Gaskiya ne cikinta a ƙasa yake, da damina akwai hanyoyin burji a ƙasar Doguwa da Kiru da ko kusa ba na tunkara, na taɓa barin salansa a wani kwazazzabo sai da yara suka biyo ni da ita. Gaskiya ne ta tsufa, ta haura shekara ashirin da biyar, in aka ce ta kai ni Legas sai na ce a kai kasuwa. Mai mata biyu da 'ya'ya goma sha biyu, ko manomin da ke fito da buhunan masara daga gona, ba shi nake wa magana ba, wannan a-kori-kura ko bas ce daidai da shi, kuma ba don gwaninta ya saya ba. Haka kuma ba na goyon bayan abin da direbobin haya suke yi wa Golf, mutum biyu a kujerar gaba, huɗu a baya, wasu a but ƙafafu na lilo, buhu a sama, sannan a take ta kamar za a tashi sama. In ta kife sai a ce ƙaramar mota ba ta da aminci, alhali motar mutum biyar aka ɗora wa goma. Wannan zalunci ne, ga motar ga mutanen, ko da yake su ma direbobin in ka tambaye su lissafin man za su karanto maka.

Amma ramin da ke kan hanya laifin motata ne? A nan ne raina ya fi ɓaci. A ƙarshen 2023, watanni kaɗan bayan an ce talaka ya ɗaure ɗamara an cire tallafi, 'yan Majalisar Tarayya suka sayo wa kansu manyan jif-jif na waje, kowa da tasa, jaridu suka ruwaito kuɗin kowace ɗaya ya haura naira miliyan 100. Da aka yi musu ca, hujjar da suka kawo ita ce hanyoyin ƙasar nan ba su da kyau, ƙaramar mota ba za ta jure ba. Jama'a ku taya ni ji! Wanda aka zaɓa don ya sa a gyara hanya, shi ne ya sayi abin tsallake rami da kuɗinmu, ya bar mu da ramin. Ranar da aka ce kowane mai muƙami irin motata zai hau daga Kano zuwa Doguwa, ina tabbatar muku kafin damina biyu an toshe kowane rami. To in na sama ya nuna cewa girma shi ne jif, kansila zai kwaikwaya, ɗan kasuwa zai kwaikwaya, har abin ya gangaro kan abokan angon da ba su da kuɗin lita ashirin.

Kuma su ne dai suka sa ƙaramar motar ma ta fi ƙarfin mai ƙaramin ƙarfi. A Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, hanyar Kwatano da talaka ke samun ta hannu da ɗan sauƙi ta toshe. A Yunin 2023 aka saki naira, dalar da take wajen 460 a hukumance ta haura 1,500 a farkon 2024, kuɗin kwastan ya bi ta. Ga shi ba mu da wata ƙaramar mota sabuwa da ake haɗawa a gida a kan kuɗin da malamin makaranta zai iya tarawa. Toyota ta dawo da sunan Starlet a 2020 a kan wata sabuwa da ake ƙerawa a Indiya don kasuwar Afirka, na ga hotonta a waya, kyakkyawa da ita, amma ni da ita sai kallo. Shi ya sa muke ta lallaɓa tsofaffin da suka girmi wasu amaren, muna ɗaure su da waya, ana yi mana dariya a kai.

'Yan uwana mata, ku nake wa magana ta ƙarshe don a wurinmu abin ya fi tsami. Mu ne masu leƙe ta katanga mu ga da me ya zo. Mu ne masu ce wa miji wance mijinta ya canja mota, kai kana nan da wannan abar. Na san gidan da aka yi wata uku ba a ɗora tukunya da nama ba saboda ana biyan bashin motar da uwargida ta matsa a saya, motar kuma ba a fita da ita sai ranar Juma'a da ranar biki. Na san yarinyar da ta ƙi wani mai shagon dinki da ke zuwa a 'yar Golf tasa ta kansa, ta auri mai zuwa da mota daban-daban kowane mako, sai bayan an tare ta gane yaron dillalan mota ne, ko taya ɗaya ba tasa ba ce. Zanen aro dai ba ya rufe katara. In saurayi ya zo miki da mota, kafin ki tambayi sunanta ki tambayi ta wace ce, kuma wa ke zuba mata mai.

Littafin da nake rubutawa yanzu, saurayin ciki malamin gona ne a Tiga, kuma Starlet yake hawa, har akwai babin da ta mutu masa a hanyar zuwa gaishe da surukai ya sa yara suka tura. Da na kai wa mai sayar mini da littattafai a Kano ya duba, ya karanta shafi goma ya ajiye ya ce, "Hajiya, wannan ba zai shiga ba. Ki ba shi ko Camry ce mana, 'yan mata ba sa sayen wahala, suna da ita a gida." Na ce, "Alhaji, a bar shi a motarsa." Ya ce to kwafi 200 kawai zai ɗauka, maimakon 500 da ya saba, kuma sai an sayar zai biya. Na ce na yarda. Sauran 300 ɗin na auna, in na kwantar da kujerar baya za su shiga but ɗina tsaf, zan bi da su Bebeji da Kiru da Doguwa da kaina ranakun kasuwa. Goggo ma ta aiko a ajiye mata wuri in zan bi ta wajensu, wai tana son zuwa ganin amarya, ta samu ciki.